Na Je Ƙara wa Laftof ɗin 'Yata Ƙarfi

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce, na fi shekara talatin ina yinta a Anguwan Rogo. Duk telan da ke tsakanin layinmu da Titin Bauchi ya san shagona. Ba yabon kai ba, in aka taka keke a gabana, kafin mai shi ya ɗage ƙafa na san abin da ke damunsa, daga ƙara kawai. Na fara da wannan ne don a san wanda ya aikata abin da zan faɗa ba mutum ne da bai taɓa riƙe sukudireba ba. Na san inji, na san yadda ake buɗe shi, kuma a bayan shagona akwai matattun kekuna jibge waɗanda nake ciro kaya daga jikinsu ina tayar da wasu.

'Yata ta fari tana karatun zanen gine-gine a jami'a, can Naraguta. A gidanmu an taso da kunyar ɗan fari, ni kuma na riƙe abin da hannu biyu. Uwarta ta daɗe da watsar da tata kunyar, ta ce ba za ta iya ba, amma ni ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. In ina nemanta sai in ce a kira mini waccan. Tsakanina da ita gaisuwa ce safe da yamma, ta durƙusa, in amsa ina kallon wani wuri. Ƙannenta suna hawa kaina suna ja mini gemu, ita kuwa ko ruwa ta kawo sai ta ajiye ta fice. Abin da take bukata ta bakin uwarta nake ji, abin da nake son faɗa mata ta nan yake bi. Kuma wallahi cikin 'ya'yana babu wanda nake ji a raina kamarta.

Tana aji uku uwarta ta zo mini da maganar laftof, wai irin ta masu buga gem ake so. Na yi faɗa, na ce ban kai ta makaranta don ta yi wasa ba. Aka yi mini bayani cewa irin waɗannan su ne masu ƙarfin ɗaukar zanen gini, sai na yi shiru na je na sayo. Ta hannu ce, wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka kawo. Baƙa ce, mai nauyi kamar kan keken ɗinki, madannanta suna ba da jar wuta. Ta yi mata aiki shekara biyu babu matsala.

A shekarar ƙarshe aka ba su babban aikin kammala karatu, wanda suke kira furojet. Ita ta zana wurin shaƙatawa a bakin wani tsohon tafkin haƙar kuza da ke Naraguta. Na taɓa hango zanen sau ɗaya a fuskar laftof ɗin daga bakin ƙofa ina wucewa alwala: ga ruwa, ga rumfuna, ga matakala ta duwatsu tana gangarawa, kamar hoton da aka ɗauka da kyamara. Na tsaya na ɗan lokaci, da yarinyar ta juyo na wuce abina. Wata bakwai tana kan aikin nan, kuma duk yana cikin laftof ɗin. An sa musu ranar da za su tsaya gaban malamai su kare aikinsu, wanda bai kare ba ba zai fita tare da ajinsu ba.

Saura kamar mako biyu na fara jin ƙarar. Da hantsi in na dawo gida karyawa sai in ji abin yana huci daga ɗakinsu, fankar ciki tana gudu kamar za ta tsinke. Kunnena bai taɓa jin inji yana irin wannan kuka ya ƙyale ba. Na tambayi uwarta. Ta ce yarinyar ta ce hoto ɗaya sai ya ci awa huɗu kafin ya fito, alhali ta wata ƙawarta cikin ɗan lokaci take gamawa, don girafik ɗinta ya fi girma. Na ce mene ne kuma girafik. Ta ce ita ina ta sani, wai wani abu ne a ciki da ke fitar da hoto.

To, ni nan na gama lissafina. Akwai wani kaya a cikin inji wanda ya yi wa aikin kaɗan. Ai wannan ba sabon abu ba ne. Tela ya kawo keke ya ce ba ya jan yadi mai kauri, sai in cire ƙaramar motar da ke juya shi in ɗaura babba, ya tafi yana sa mini albarka. Na ƙudura zan yi wa yarinyar nan haka, ta dawo ta kunna ta ga abu yana gudu, ta tambayi uwarta, uwarta ta ce Babanki ne. Iyakar abin da nake so ke nan.

Dama ta samu da ƙanwar uwarta ta haihu a Bukuru, aka tura ta ta taya aikin suna na kwana biyu. Damina ce, ruwa kullum, ga laftof da nauyi, sai ta kulle ta a durowar uwarta ta tafi. Washegari da safe na ce a ba ni makulli. Uwarta ta tsaya tana kallona. Ta ce in kira yarinyar a waya tukuna in tambaye ta. Na ce tun yaushe na fara neman izinin 'yar da na haifa kafin in gyara mata kaya. Ta ce to ita bari ta kira. Na hana, na ce in ta kira ta ɓata mini shiri. Gaskiyar magana ita ce ban san yadda zan yi doguwar magana da yarinyar ba, kuma ban so a ji ina tambayarta abin da ban sani ba. Ta miƙo makullin.

Na hau napep zuwa Titin Bauchi, wajen jerin shagunan masu gyaran waya da kwamfuta. Shagon farko da na shiga na wata mata ce Bayarabiya, ta manyanta, da tabarau rataye a wuya. Ɗalibai sun cika bencinta. Da layi ya zo kaina na faɗa mata abin da nake so. Ta juya laftof ɗin ta duba lambar da ke ƙasa, ta danna wayarta, sannan ta ce da irin Hausarsu:

“Baba, wannan ba ya fita. An manne shi da allon ciki tun daga kamfani. Ka mayar wa mai shi, ta gama aikinta.”

Ta ƙara da cewa in ina so za ta share ƙurar fanka ta sa sabon man sanyaya, zafin zai ragu, amma ko wannan ma sai mai laftof ɗin ta zo da kanta ta kwafe aikinta a wani wuri tukuna. Raina ya ɓaci. A sana'armu babu abin kunya kamar a kawo maka inji ka ce ba ya yiwuwa. Wanda ya faɗi haka, ko dai bai iya ba ko kuma ƙyuya ce. Na ce a raina mace ce, tana tsoron buɗe abu. Na ɗauki kayana ko sallama ban yi mata da kyau ba.

Shago na huɗu daga nata na sami wanda ya ce zai yi. Mutum ne mai fara'a, zai kai shekara arba'in, bakinsa kamar an shafa zuma. Bai musa maganar matar ba. Ya ce gaskiya ne a manne yake, a kan ɗaruruwan ƙwayoyin dalma ƙanana kamar gero, amma shi yana da injin hura iska mai zafi da zai narkar da su ya ɗaga shi. Sai ya jawo wata matacciyar laftof daga ƙarƙashin tebur, iri ɗaya da tamu a ido, ya ce girafik ɗin wannan ya fi girma kuma lafiyarsa ƙalau, shi zai ciro ya ɗora mana. Da na ji haka sai na ji kamar a shagona nake. Wannan ai ita ce hanyar aiki da na sani.

Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa. Ya miƙe tsaye ya sake ba ni hannu, ya ce ashe oga ne, ashe yau babban baƙo ya yi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Ya jawo kujera ya ce in zauna a yi a gabana, don haka suke yi da kowa a layin, mai kaya yana zaune ake buɗe kayansa. Na ƙi. Ni babu abin da na tsana kamar tela ya tsaya a kaina yana leƙen hannuna, kuma a wurinmu mai sana'a ba ya zama gadin ɗan'uwansa mai sana'a, raini ne. Tambaya ɗaya ta zo mini har bakina, in ce ya taɓa yin irin wannan aikin ya tashi? Na haɗiye ta, don da wani ya yi mini ita a shagona da na kore shi. Maganar kwafe aikin da matar ta yi ma ta faɗo mini, na ga in na kawo ta kamar ina nuna ban yarda da hannunsa ba ne. Ya ce in dawo bayan la'asar. Na tafi shago na gyara kekuna biyu ina ta nishaɗi.

Bayan la'asar na koma. Tun daga bakin ƙofa na ji warin ƙonannen roba, kuma fara'ar nan ta ragu. Laftof ɗin tana kife a tebur, cikinta a buɗe. Ya ce an ɗan sami matsala kaɗan, wai sabon bai zauna daidai ba, ya mayar da tsohon, yanzu yana jira ta huce. Muka jira. Ya danna makunni, babu komai. Ya sake dannawa ya riƙe. Ko jar wutar madannai ba ta kawo ba, fankar da ta dame ni ko motsi. Na karɓi allon na ɗaga shi wajen haske. Ban san kwamfuta ba, amma na san abin da wuta ta ci. Wurin ya yi duhu, allon ya ɗan lanƙwashe kamar faranti da aka bari a kan murhu.

Sai a lokacin na yi tambayar. Ya sosa kai ya ce a waya yana yi kullum, a laftof kuwa wannan ne na biyu. Na ce na farkon fa? Ya kalli matacciyar da ke ƙarƙashin tebur.

Na yi masa tas. Na kira shi maƙaryaci, na kira shi mahauci, mutane suka taru ana ba ni haƙuri. Ya ce ai ya ce in zauna na ƙi, kuma ban tambaye shi komai ba. Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don gaskiya ce. Na sa ya mayar da notunan ya rufe, na ɗauka na fito.

Ƙafata ba ta kai ni ko'ina ba sai shagon matar nan. Ban san da wace fuska na shiga ba. Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ba ta ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka mata. Ta buɗe ta duba ta ce allon ya tafi, ba mai tayar da shi. Amma ta ce aikin ba a allon yake zaune ba, yana cikin wata 'yar ma'ajiya, ta ciro ta nuna mini, siririya kamar tsinken cingam. Na ji numfashina ya dawo. Ta sa ta a tata kwamfutar. Wani shuɗin shafi ya fito yana neman lambobi masu yawa. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ma'ajiyar a kulle take, allon da ya ƙone shi ne yake buɗe ta da kansa duk lokacin da aka kunna, yanzu kuwa sai da waɗannan lambobin. Ta ce wataƙila mai laftof ɗin tana da su, wataƙila kuma suna wurin wanda ya fara mallakarta a can ƙasar waje. Ta ce in kira 'yata.

Ban kira ba. Na koma gida na ajiye laftof ɗin a gaban uwarta na faɗa mata komai. Ta ce shekara ashirin da uku tana kai mini saƙo tana kawowa, wannan kam ba za ta kai ba, in faɗa da bakina.

Yarinyar ta dawo washegari da azahar, da ƙullin naman suna a leda. Ta durƙusa ta gaishe ni za ta wuce, na ce ta zauna. Ta yi mamaki, ta zauna a bakin tabarma. Na faɗa mata daga farko har ƙarshe, ban rage ba, har da maganar matar da ta hana ni. Ina magana ina kallon ƙasa, ita ma haka. Da na gama na tambaye ta lambobin. Ta ce ba ta taɓa sanin akwai su ba. Na ce ba ta da aikin a wani wuri? Ta ce tana da shi a filash, 'yar ma'ajiyar da ake kwafe aiki a ciki, amma na wajen mako biyar da suka wuce ne, kafin malaminta ya sa ta sauya fasalin ginin gaba ɗaya. Ta ce ta yi niyyar sake kwafewa in ta dawo daga Bukuru.

Sannan ta ce, a hankali, “Baba, ai saura hoto shida ne kawai. Na lissafa, da zan gama da kwana uku a hannu.”

Na ce ta yafe mini. Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalma ba. Ta ce ba komai, Allah ya ƙaddara. Ta ɗauki ledar naman ta kai wa uwarta a kicin. Da ta yi kuka ko ta ɗaga murya da na fi samun sauƙi, amma ba ta yi ba, aƙalla ba a gabana ba.

Saura kwana tara a lokacin. Na sayo wata laftof a kwana na uku, wannan karon da ita muka je shagon matar, ita ta zaɓa ni ina tsaye a waje. Ta koma ɗakin ƙawarta a kusa da makaranta tana aiki ba ji ba gani. Uwarta tana aika mata abinci, yana dawowa rabi. Ni kuma a shago na ɗaura wa wani tela bel ɗin keke a juye, abin da ban yi ba tun ina koyo. Ana saura kwana biyu ta kai wa malaminta abin da ta haɗa. Ya duba ya ce bai kai a tsaya da shi gaban malamai ba, kuma ba zai bari ta zubar da makin da ta tara shekara da shekaru ba, ta jira rukuni na gaba. Rukuni na gaba sai bayan wata biyar. Ta dawo gida da jakarta ta faɗa wa uwarta, uwarta ta faɗa mini.

Ranar da 'yan ajinsu suka gama, ina gida da yamma ina zaune a zaure, ruwa ya ɗauke ke nan. Sai ga napep biyu sun tsaya a ƙofa. Ƙawayenta ne su biyar, Musulmi da Kirista, sanye da fararen riguna da aka cika da rubuce-rubucen biro kala-kala, yadda ɗalibai suke yi ranar fita. Sun zo duba ta. Suka durƙusa suka gaishe ni, na yi musu murna, na sa musu albarka. Ita kuma ta fito daga ciki ɗaure da zanin aikin gida, hannunta da kumfar wanki, tana yi musu dariya tana juya su tana karanta abin da aka rubuta a bayansu.

Ɗaya daga cikinsu, wadda ta ba ta masauki, ta juyo ta ce mini in yi haƙuri da abin da ya faru, wai duk ajin sun ji zafin abin, don 'yata ce ta fi kowa aiki mai kyau. Ta ce wutar lantarkin garin nan ba ta da tabbas, haka ta taɓa ƙona musu firji, ya kamata a riƙa cire kaya daga soket in za a yi tafiya. Sauran suka ce wallahi kuwa. Na dubi 'yata. Tana goge hannu a zaninta, ba ta ɗago ba. Ashe abin da ta faɗa musu ke nan, da malaminta, da kowa.

Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka, kuma na san abin da take so ke nan. Na ce, “Ba wuta ba ce, 'yan nan. Ni ne. Ni na ɗauka ba da saninta ba na kai aka ƙona.”

Yaran suka rasa inda za su sa idonsu. Ita kuwa ta tsaya kamar an dasa ta, sai na ga hawaye suna zubo mata, karo na farko tun da abin ya faru, ba ta ko share ba. Ta ce musu su shigo ciki, akwai abinci. Suka bi ta ɗaya bayan ɗaya suna cire takalma. Na zauna a wurin har aka kira magariba, sannan na tashi na ɗauki buta.